Darasi Ɗaya da Ya Rage wa Dikko

Kai mai karatu, tsaya ka ji kafin ka wuce. Idan kana da ɗa a makarantar da kai ba ka taɓa zama cikinta ba, to dominka na haɗa waɗannan wasiƙu, kuma ba don nishaɗi ba. Sunana Taibatu, matar marigayi Malam Shehu, ina zaune a Talata Mafara. Na yi sakandaren 'yan mata har aji biyar a zamanin da ake nuna mace mai wannan takarda da yatsa, kuma na daɗe ina koya wa matan aure karatu da rubutu. A makaranta aka hore mu kada mu aika wasiƙa sai mun kwafe ta, shi ya sa nawa da na ɗana duka suna hannuna. Sunansa Jibrin, amma ɗan fari ne, ba na faɗin sunan, Dikko nake ce masa. Ban gyara ko kalma ɗaya ba, har wuraren da nake jin kunyar karantawa. Kada ka ce jahilci ne ya ja mana. Ɗan abin da na sani ne, da yadda na amince da shi.

*

Daga jami'a, 18 ga Nuwamba, 1979

Inna,

Ina gaishe ki da ladabi, ina neman albarkarki. Ina fata kina lafiya, ƙafar nan ta daina kumburi, ƙanwata Barira kuma tana zuwa makaranta ba sai an kora ta ba. A gaida Kawu Bawa idan ya shigo cin kasuwa. Ni lafiyata lau, in ban da tuwon ɗakin cin abinci, wanda idan aka jefi mutum da shi sai an kai shi asibiti.

Karatu ya kankama. Bayan darussan sashenmu na aikin gona akwai wasu huɗu da ake kira darussan gama-gari, kowa sai ya yi su, da mai karatun likita da mai karatun shari'a da mu manoma. Akwai Turanci, akwai yadda ake amfani da ɗakin karatu, su biyun za mu gama a wannan zango. Sauran biyun sai ƙarshen shekara: ɗaya kan hanyoyin tunani da kafa hujja, ɗaya kan mutanen Nijeriya da al'adunsu.

Inna, na ƙarshen nan ya shiga raina. Mun fi ɗari biyar a zaure ɗaya. Wanda ke zama kusa da ni mutumin Kalaba ne, shari'a yake karantawa, kuma da gaske yake ya tambaye ni tsawon bishiyar albasa. Na yi dariya har malami ya waiwayo. Shi ma ya rama, don na tambaye shi ko a garinsu ana ganin ƙasa ko duk ruwa ne.

Malamin ya ce kowa ya rubuta abin da ya sauya a ƙasarsu a idonsa. Ni na zaɓi ƙasar Maradun da ruwan madatsar Bakolori ya cinye. Don Allah idan Kawu ya zo, ki tambaye shi sunayen fadamun da rijiyoyin da suka nutse, da na waɗanda ke noma su, ki rubuto mini. Ina jin idan tsofaffin nan suka tafi babu mai iya faɗa.

Ɗanki,
Dikko

*

Talata Mafara, 2 ga Disamba, 1979

Dikko,

Na amsa gaisuwarka, Allah ya yi maka albarka. Muna lafiya, ƙafa da sauƙi. Barira na gaishe ka. Tuwo kuwa ka ci ka gode Allah, ubanka ya yi karatu da abin da bai kai shi ba.

Na karanta wasiƙarka, na ga shafi biyu, ban ga layi uku kan ƙasa da ruwa da iri ba, abin da aka tura ka ka koyo. Bari in gaya maka abin da ba ka sani ba, don ni ma na zauna a aji. Kowace makaranta tana da darussa iri biyu: waɗanda ake dubawa a takardar shaida, da waɗanda ake cika lokaci da su don kada yara su yi ta yawo. Mu a zamaninmu akwai waƙa, akwai ɗinki, akwai tsalle-tsalle a fili. Da muka shiga aji huɗu aka ajiye su, babu wanda ya sake tambayarmu. Darasin da ake tara mutum ɗari biyar a kansa, likita da lauya da manomi, ai ka san ba na kowa ba ne. Ka je, ka zauna, kada a ce ka yi rashin kunya, amma kada ka ba shi zuciyarka.

Batun Maradun kuma ka bar shi. Mutane ransu a ɓace yake kan gonaki, ana taruwa ana maganganu. Ba zan sa kawunka lissafa abin da ya rasa don a karanta a gaban baƙi ba, kuma ba na son sunanka a kan takarda irin wannan. Ofishin aikin ban-ruwan nan da kake son yin rubutu a kansa, nan nake fatan ka samu aiki wata rana. Ka rubuta kan kasuwar Talata ko wani abu da ba ya tada hankali.

Yaron da ya je jami'a ya dawo da labarai maimakon sana'a, uwarsa ce ke shan kunya. Ka riƙe salla a kan lokaci.

Innarka

*

Talata Mafara, 19 ga Mayu, 1980

Dikko,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Na san ka daɗe ba ka ji daga gare ni ba. Ka ji labarin tashin hankalin watan jiya, lokacin da manoma suka tare hanyoyi. Mu Allah ya tsare mu, amma babu gidan da bai san wani da abin ya shafa ba. Ba zan rubuta fiye da haka ba. Nasidi direba, mai kai albasa wajenku, shi zai kawo maka wannan hannu da hannu.

Ga abin da ya sa na rubuto. Masu aikin ban-ruwa sun gama baje ƙasar Birnin Tudu, inda gonarmu take, za a mayar wa kowa gonarsa kafin ruwa ya zauna. Ranar Laraba huɗu ga Yuni za a nuna tamu. Katafila ta tumɓuke tsamiyar da ke iyakarmu da Jatau, ta cike tsohuwar rijiya, ta kwashe kunyar gona da ubanka ya bari. Na je na tsaya, ban gane ko taku ɗaya ba, ƙasa shimfiɗe kamar tabarma. Kai ne ka yi noma da ubanka a wurin, kai ne magaji. Jatau kuwa ka san shi, tun ubanka na da rai yake matso da iyaka kowace damina. Idan mace ce kaɗai ta tsaya, ko ba a cuce ta ba za a ce an yi mata alfarma.

Ka taso ranar Talata ka kwana gida.

Innarka

*

Daga jami'a, 24 ga Mayu, 1980

Inna,

Ina gaisuwa, ina yi mana jaje kan abin da ya faru. Wata guda ina zuwa tasha ina tambayar direbobi labarinku. Alhamdu lillahi da kuke lafiya.

Inna, ranar ta zo a wuri mai wuya. Jarrabawar sashenmu zan gama ta ranar Juma'a mai zuwa. Saura biyun nan na gama-gari, ɗaya ranar Talata uku ga wata, ɗaya ranar Alhamis biyar ga wata. Hanya yini guda ce zuwa, yini guda dawowa, idan na zo duka biyun sun wuce ni. Wanda bai zauna ba yana iya sake su wata shekara, sai dai littafin dokoki ya ce ba a ba kowa digiri sai ya ci duka huɗun, kuma waɗanda suka gabace mu sun ce samun wurinsu a jadawali yana wuya daga baya.

Ko Kawu Bawa ba zai iya tsayawa a madadina ba? Zan zana masa yadda iyakar take a takarda. Amma abin da kika ce shi zan yi.

Ɗanki,
Dikko

*

Talata Mafara, 28 ga Mayu, 1980

Dikko,

Muna lafiya. Kai da hannunka ka rubuta cewa ana iya sake su wata shekara. Gonar ubanka ba a sake nuna ta wata shekara. Kawunka yana fama da ginin sabon matsuguninsu, kuma shi ba magaji ba ne. Ka gama manyan jarrabawa, na gode Allah. Ban haifi ɗan da zai bar gadon ubansa saboda darasin al'adu ba. Ina jiran ka ranar Talata.

Innarka

*

Talata Mafara, 8 ga Yuni, 1980

Yaya Bawa,

Gaisuwa mai yawa gare ka da iyali, da fatan gini yana tafiya, an samu ruwan sha kusa. A sa yaronka Sanusi ya karanta maka wannan.

Ina sanar da kai an mayar mana da gonar marigayi. Dikko ya zo kamar yadda na umarce shi, ko musu bai yi ba. Mun isa tun da hantsi muka zauna a rana tare da jama'a har azahar. Da aka zo kanmu, safiyo, mai awon gonakin, ya buɗe taswira, ya ce tun kafin a baje ƙasar aka ɗauki hotonta daga jirgin sama, kowace gona da lambarta. Ya kira sunan marigayi, ya nuna turaku huɗu da aka riga aka kafa, ya ce wa zai sa hannu. Dikko ya sa. Ko tambayarsa inda tsamiya take ba a yi ba. Jatau ya buɗe baki zai yi magana, safiyo ya ce masa baba turkenka ga shi can. Duka abin bai kai minti goma ba.

Na ji daɗi da mutane suka ga ɗan marigayi tsaye da alƙalami a aljihu. A hanyar dawowa ya ce kansa ke ciwo saboda rana. Yaran yanzu ba su da ƙwari.

Ƙanwarka,
Taibatu

Da ya shigo kasuwa ranar Talatar da ta biyo, Yaya Bawa ya tsaya a ƙofar gida ko zama bai yi ba, ya ce, “Ke Taibatu mai Turanci, don wanga abu kinka taso yaro daga makaranta? Ai ko ni da yatsana na ishe.” Na ce masa bai san sha'anin boko ba. Haka na faɗa masa, a gaban Barira.

*

Daga jami'a, 17 ga Oktoba, 1982

Inna,

Gaisuwa da neman albarka. Ina fata an fara girbi lafiya, kuma Barira ta koma makaranta. Na iso lafiya, an ba ni ɗaki a sama, mu biyu kacal, darajar 'yan shekarar ƙarshe.

Akwai maganar da na daɗe ina ɗagawa. Darussan nan biyu na gama-gari har yau suna kaina. A shekara ta biyu lokacinsu ya haɗu da awon ƙasa a ɗakin gwaji. A ta uku muna gonar makaranta wata shida. Ni ma na yi sakaci, na riƙa cewa akwai lokaci. Yanzu na je rajista, an ce akwai iyakar darussan da ɗalibi zai ɗauka a shekara, kuma nawa sun cika, wuri ɗaya ya rage. Na sa na hanyoyin tunani. Na mutanen Nijeriya ya rasa wuri.

Hanya ɗaya ce. Cikin darussan da na zaɓa da kaina akwai na tsara magudanan ban-ruwa. Ba dole ba ne, ina iya ajiye shi in sa wancan a gurbinsa. Malamin da ke duba rajistata ya ce shi da zai ba ni shawara haka zan yi. Ɗalibai suna cewa wani lokaci ana yafe darasi ɗaya ga wanda sakamakonsa ya yi kyau, kuma nawa ya yi kyau, amma ni ban ga wanda aka yafe wa da idona ba, malamin ma ya ce kada in dogara da shi.

Ana rufe rajista ƙarshen wata. Na san burinki kan aikin ban-ruwa, shi ya sa ban yanke ba sai na ji daga gare ki.

Ɗanki,
Dikko

*

Talata Mafara, 23 ga Oktoba, 1982

Dikko,

Allah ya yi maka albarka da ka tambaya kafin ka yi ɓarna. Muna lafiya, gero ya yi kyau, muna shirin dashen albasa.

Kada ka kuskura ka taɓa darasin magudanai. Maƙwabcinmu Mista Augustine, wanda ke ofishin ban-ruwa, ya gaya mini da bakinsa cewa a watan Agusta mai zuwa za a rubuta sunayen 'yan ƙasar nan da suka gama aikin gona, a ajiye musu gurbi har su dawo daga bautar ƙasa. Mutum biyu ake so, kuma wanda ya san magudanai shi ne a gaba. Ka ajiye wannan don ka je ka ji yadda ake ɗaurin aure a Kalaba?

Ka ce ana yafewa. To ai magana ta ƙare. Ni ma ban gama rigar jarrabawar ɗinki ba, na je na durƙusa wa Baturiyar da ke shugabantarmu, ta dubi makina na lissafi ta ce in tafi. Manya ba mahaukata ba ne, ba za su riƙe digirin yaro mai ƙoƙari saboda tatsuniya ba. Idan lokaci ya yi ka sa riga mai tsabta, ka je ka gaida su da ladabi, ka yi bayani. Ladabi yana buɗe ƙofar ofis, ku 'yan zamani ne ba ku gwada shi.

Innarka

*

Talata Mafara, 25 ga Yuli, 1983

Dikko,

Gaisuwa. An sha ruwa, an yi Salla, ba ka zo ba, ba ka aiko ba. Wasiƙa biyu na rubuta babu amsa. Idan ciwo ne a gaya mini. Idan kuma 'yan siyasa ne suka ɗauke ka kana bin motocinsu, ka sani ban yafe ba.

Beatrice 'yar Mista Augustine, da kuka shiga shekara ɗaya, ta dawo tun farkon wata, har an gaya mata jihar da za ta yi bautar ƙasa. Na tambaye ta kai, ta sunkuyar da kai ta ce sashenku ba ɗaya ba ne. Ban ji daɗin yadda ta amsa ba. Ubanta ya aiko sau biyu yana neman takardar sakamakonka, ranar goma sha biyar ga Agusta za a rufe. Na riga na gaya wa matan ajina, na gaya wa kawunka. Kada ka sa in zama abin kallo.

Innarka

*

Daga jami'a, 4 ga Agusta, 1983

Inna,

Ina gaisuwa, ina neman gafara kan shirun da na yi. Lafiyata lau, kuma ba na bin kowa. Ina ɗakin wani abokina ne a cikin gari, na kasa ɗaukar alƙalami.

An liƙa sunayen waɗanda suka gama, nawa ba ya ciki. Yana wata takarda a gefe, an rubuta darasi ɗaya a gabansa. Na ci komai, darasin magudanai ma ni ne na ɗaya. Na sa riga mai tsabta kamar yadda kika ce, na je wurin shugaban sashe, ya tura ni wurin shugaban tsangaya, shi kuma ya tura ni ofishin magatakarda. Duk sun karɓe ni da mutunci. Na ƙarshen ya buɗe littafin dokoki ya nuna mini layin, ya ce ko ɗansa ne ba shi da ikon taɓa shi. Ya ce jami'a ba ta yarda ta saki mutum da sanin sana'arsa kaɗai ba, sai ya san wani abu game da mutanen da zai yi wa aiki. Ya tambaye ni me ya hana ni zama jarrabawar tun shekarar farko. Na ce uzuri ne na gida.

Dole sai na dawo a watan Oktoba in yi shekara guda kan darasi ɗaya, awa biyu a mako, tare da yaran da suka fito sakandare bana. Ki ba Mista Augustine haƙuri, ki yi masa godiya, ya ba wani gurbin.

Littafin dokokin yana hannuna tun ranar da na shiga, kuma na iya karatu. Ban ɗora wa kowa ba.

Dikko

*

Maradun, 2 ga Satumba, 1986

Inna,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Ni lafiya. Na ji Barira ta samu jami'a, Allah ya sanya alheri. Makaranta ta buɗe, aiki ya yi yawa, ba na jin zan samu shigowa wannan wata. A gaida mutanen gida.

Dikko

*

Talata Mafara, 14 ga Satumba, 1986

Dikko,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta ɗalibanka. Ina fata ɗakin da makaranta ta ba ka ya daina yoyo. Ni ƙafa ta dawo, amma ina takawa. Barira za ta tafi ranar goma ga watan gobe, ta ce in gaya maka ita ma za ta ci tuwon da ake kai mutum asibiti.

Wasiƙarka ta zo, layi huɗu. Shekara uku ke nan haka suke zuwa. Ban yi ƙorafi ba, don da kake rubuto shafi biyu ni na ce ka yi surutu.

Da takardar Barira ta iso, an haɗo da littafin dokoki. Beatrice ta zo hutu, na kira ta na ce ta zauna ta bi da ni shafi shafi, kamar yadda nake bi da matan ajina. Da muka zo kan darussan gama-gari na ce ta maimaita, ta maimaita. Bayan ta tafi na ɗauko akwatin wasiƙu na baje su a tabarma. Dikko, ka gaya mini. Sau biyu ka gaya mini, da tawada, da rubutunka mai kyau. Ka ce ana iya sakewa, sai dai ba a ba da digiri sai da su. Ka ce ana yafewa, amma ba ka ga wanda aka yafe wa ba. Duka biyun na karanta inda ya yi mini daɗi na tsaya, na ɗauki alƙalami a ranar na ba ka amsa. Ni da nake dukan tebur idan mace ta tsallake layi.

Ka ce ba ka ɗora wa kowa ba. To ni na ɗauka. Na auna jami'arka da sakandarena, na kira abin da ban sani ba ɗinki da waƙa. Gurbin ban-ruwa ya tafi, da ka gama aka dakatar da ɗaukar ma'aikata, wanda aka ba wurinka yana wucewa ta ƙofar gidan nan a babur ɗin ofis kowace safiya, yana gaishe ni da ladabi. Gonar da na taso ka dominta Jatau ne ke noma ta aro, don babu mai zuwa. Koyarwa aiki ne mai daraja, ni ma shi nake yi, amma ba kai ka zaɓe shi ba.

Makon jiya na shiga mota na je wurin kawunka. Ban biya ta wurinka ba, ban san da fuskar da zan shigo ba. Na ce ya faɗa mini sunayen fadamu da rijiyoyin da ruwa ya cinye, da masu noma su. Ya dube ni ya ce, “Yanzu kinka tashi tambaya? Da kin zo shekarun baya, da Nagode makaho na da rai, shi ka lissafa su kamar karatu.” Ya tuna goma sha ɗaya. Ya ce sun fi talatin. Wasu biyu ya san wurin, ya ga itatuwan a idonsa, sunan ya ƙi zuwa, ya yi ta bugun gwiwa. Mun je wurin wasu tsofaffi biyu, suka ƙara huɗu, suka yi gardama kan ɗaya. Ga su nan a takarda ta daban, sha biyar, da hannuna na rubuta. Na san an daɗe da rufe wancan aji. Ko ka karanta wa yaran ajinka, tunda kakanninsu ne.

Ban ce ka rubuto mini shafi biyu ba. Idan ka samu shigowa kafin Barira ta tafi, ka zauna da ita kan littafin nan, kai ka san shi.

Na tara mutanen gida ranar Juma'a na kafa doka, kuma ina son ka sani, don kai ne babba bayana. Wasiƙar da ta fito daga makaranta, a gidan nan, za a karanta ta da ƙarfi har ƙarshenta, sau biyu, kuma ba a amsa ta ranar da ta zo. Wanda bai zauna a aji ba, ba shi da bakin cewa darasin ba kome ba ne, ko da ni ce. Kuma ba a kiran ɗalibi gida a makon jarrabawa, kowace iri ce, ba don gona ba, ba don biki ba. Barira ta ce to idan ke ce kika kwanta fa, Inna? Na ce ko rasuwa na yi, a yi mini sutura a kai ni, a bar ta ta gama takardarta, ta zo ta iske kabari.

Innarka,
Taibatu